Kiɗa ne ya azurta Dr. Dre, ko kasuwanci?

Tambaya: Ni matashi ne mai haɗa kiɗa a wani ƙaramin situdiyo. Kullum ana ba mu misali da Dr. Dre, wai makaɗin hip-hop ne da ya zama hamshaƙin ɗan kasuwa, har fim ya yi. Don Allah kiɗan ne ya azurta shi, ko sai da ya ajiye shi ya kama kasuwanci? Kuma mene ne gaskiyar batun fim ɗin?

Amsa: Ƙanena, kiɗa ya ba shi suna da kuɗi masu kauri, amma dukiyar da kake ji ana yayatawa daga hannun jari ta fito. Kuma bai taɓa ajiye kiɗan ba. Tun yana saurayi har yau hajarsa guda ce, wato yardar da jama'a suka yi cewa kunnensa ya san sauti mai kyau. Abin da ya riƙa canzawa shi ne inda sunansa yake a cikin takardar yarjejeniya. Sau biyu yana tashi daga kamfanin da kiɗansa ya gina ya bar musu faya-fayan da ya yi, kafin ya kai ga riƙe nasa.

Sunansa na yanka Andre Young. An haife shi ranar 18 ga Fabrairu 1965 a Compton, kudu da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Bai yi nisa a boko ba. Ya fara ne da sa faifai a wani gidan rawa mai suna Eve After Dark, inda akwai ɗan ƙaramin situdiyo a ɗakin baya, kuma a can ya koyi ɗaukar murya. Mai gidan, Alonzo Williams, shi ke jagorantar ƙungiyar World Class Wreckin' Cru, Dre ya shiga cikinta tare da DJ Yella. Hotunan wancan zamani, yana sanye da kaya masu ƙyalƙyali, su ne abokan hamayya suka riƙa yi masa gori da su daga baya.

Idan kana son ganin ainihin sana'arsa, dubi abin da ya faru a 1987. Wani matashi, Eric Wright, wanda aka fi sani da Eazy-E, ya zuba kuɗin da ya samo a titi ya kafa Ruthless Records. Dre ya haɗa kiɗa, Ice Cube ya rubuta baitoci, aka kira wasu mawaƙa 'yan New York su rera, suka ce ba salonsu ba ne. Dre ya juya ya ce wa mai kuɗin ya shiga ya rera da kansa. To, Eazy ba mawaƙi ba ne, bai iya hawa kiɗa ba. Sai Dre ya riƙa ɗaukarsa layi-layi. Ya faɗi layi ɗaya, a tsaya, a sake, a sake, har sai ya zauna daidai kan bugun ganga, sannan a liƙa shi da na baya a wuce gaba. Haka aka harhaɗa "Boyz-n-the-Hood", waƙar da ta ɗaga kamfanin. Wanda ya saurare ta ba zai gane ɗinki ba ce. Kai da ke aikin situdiyo ka san wahalar wannan, balle a zamanin da babu kwamfutar da za ta ja maka murya ta ɗora ta kan kiɗa. Tun daga nan aikinsa ya wuce danna maballi: shi ne mai yanke hukuncin wace murya ce za ta sayu, kuma shi ne mai haƙurin zama har sai ta fito yadda yake jin ta a kansa.

Daga nan su Dre da Eazy da Ice Cube suka kafa ƙungiyar N.W.A, kundinsu Straight Outta Compton ya fito a ƙarshen shekarun 1980, ya sayu ba tare da gidajen rediyo sun sa shi ba, har hukumar FBI ta aika wa kamfanin wasiƙar ƙorafi a 1989 saboda waƙar da suka zagi 'yan sanda. Dre ne ke haɗa kusan duk abin da ke fita daga Ruthless, da kundin The D.O.C. da na Michel'le da na Eazy kansa. Amma kamfanin na Eazy ne, manajansa Jerry Heller kuma shi ke riƙe da lissafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ice Cube ne ya fara ganewa, ya fice a 1989 a kan rigimar kuɗi. Dre ya tsaya har 1991, shekarar da kundinsu na biyu ya hau mataki na ɗaya a Billboard, jadawalin faya-fayan da suka fi sayuwa a Amurka, sannan ya bi wani mai suna Suge Knight suka kafa Death Row Records.

Fitar ba ta zo da sauƙi ba, domin hannunsa na kan takarda. Eazy ya kai ƙara yana cewa da barazana aka sa shi sakin Dre. Kafin kamfanin Interscope ya yarda ya rarraba sabon aikin, sai da aka sasanta a kan cewa Ruthless zai riƙa samun kaso daga abin da Dre ya fitar. Shi ya sa lokacin da Dre ya yi waƙar cin mutuncin Eazy, Eazy ya mayar da martani yana dariya cewa ko wannan zagin kuɗi yake kawo masa. Kuma gaskiya ya faɗa.

The Chronic ya fito ranar 15 ga Disamba 1992, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Kafin shi, yawancin kiɗan gambarar Amurka yankan tsofaffin faya-fayai ne ake jibga su kan juna, da saurinsu da ƙurarsu. Dre ya rage gudun kiɗan, ya ba da fili, ya sa bes mai nauyi a ƙasa da wata siririyar murya ta piyanon lantarki tana yawo a sama. Da yawan karin daga George Clinton da ƙungiyoyinsa Parliament da Funkadelic aka aro su, shi ya sa aka kira salon G-funk. Sai dai maimakon ya dogara da yanko tsohon faifai kawai, yakan kira makaɗa, irin su Colin Wolfe mai kaɗa bes, su sake kaɗa karin da hannu. Wannan ya yi masa amfani biyu. Sautin ya fito tas, kowace kala a layinta, yana iya ɗaga wannan ya sauke wancan a wajen miksin. Na biyun na aljihu ne. A Disambar 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda yanko waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, daga nan ɗiban guntun faifai ya zama abin da sai an biya. Wanda ya yanko faifai zai biya mutum biyu, mai masta, wato asalin faifan da aka ɗauka, da mai karin waƙar. Wanda ya sake kaɗawa da hannu mai karin kawai zai biya.

Kundin ya sayar da kwafi sama da miliyan 3 a Amurka, ya fito da Snoop Dogg, wanda nasa kundin Doggystyle ya sayar da fiye da 800,000 a makon farko a Nuwambar 1993. Akwai masu ja da cewa Dre ne ya ƙirƙiro salon. Cold 187um na ƙungiyar Above the Law ya sha faɗin cewa shi ya fara shi tun suna Ruthless tare, Daz Dillinger ma ya yi ƙorafin an danne sunansa a wasu kiɗe-kiɗen Death Row. A ganina ƙorafin nasu yana da tushe. Haka nan ba ɓoyayyen abu ba ne cewa baitocin da Dre ke rerawa wasu ke rubuta masa, daga The D.O.C. zuwa Jay-Z, wanda ya rubuta "Still D.R.E.", waƙar da Scott Storch ya kaɗa piyanonta. Amma ka saurari abin da waɗannan mutane suka yi su kaɗai ka gwada da wanda suka yi a ɗakinsa, za ka ji bambanci a nauyin ganga da tsabtar sauti. Wannan bambancin ne ake biya.

A Death Row an gudu ba a tsira ba. A baki shi abokin tarayya ne, an ma ruwaito cewa rabin kamfanin nasa ne, amma iko na hannun Suge Knight, kuma situdiyon ya cika da 'yan daba da doke-doke. Shi kansa Dre ya yi 'yan watanni a kurkuku a 1995 bayan an kama shi yana tuƙi a buge alhali yana ƙarƙashin sharaɗin kotu. A Maris 1996, jim kaɗan bayan ya yi "California Love" da Tupac Shakur, ya tattara ya fice, ya bar kasonsa da mastan The Chronic. Bayan wata shida aka harbe Tupac a Las Vegas, Suge ya tafi gidan yari. Kamfanin ya karye a 2006, aka yi gwanjonsa a 2009 a kan dala miliyan 18, kundin Dre na ciki. Sai da ya je kotu, a 2011 alƙali ya tabbatar cewa sababbin masu kamfanin ba su da ikon sayar da kundin ta intanet ba da yardarsa ba, saboda wani sharaɗi da aka sa a takardar rabuwarsa ta 1996. Layi ɗaya a takarda, shekara goma sha biyar kafin ya yi amfani.

Yanzu sai mutumin da idan babu shi labarin bai cika ba: Jimmy Iovine. Masu ba ku misali da Dre sukan manta da shi. Ɗan Brooklyn ne, ya fara da aikin injiniyan sauti, ya yi aiki da John Lennon da Bruce Springsteen, sannan ya kafa Interscope tare da Ted Field a 1990. Mutum ne mai kunne, amma baiwarsa ta gaskiya ita ce ciniki. A ƙarƙashin inuwarsa Dre ya kafa Aftermath Entertainment a 1996, a karon farko yana da kamfanin da shi ne mai faɗa a ji. Farkon bai yi daɗi ba. Kundin haɗaka na 1996 bai burge masu sauraro ba, na ƙungiyar The Firm a 1997, duk da akwai Nas a ciki, shi ma bai kai inda aka sa rai ba. Aka fara cewa zamaninsa ya wuce, har a cikin kamfani aka shawarci Iovine ya sallame shi, ya ƙi.

Iovine ne ya sa masa kaset ɗin wani farar fata ɗan Detroit mai suna Eminem. Mutanen da ke kewaye da Dre ba su so ba, suna ganin ɗaukar Bature a wannan fage zubar da mutunci ne. Ya ɗauke shi a 1998. A zamansu na farko a situdiyo Dre ya sa wani guntun kiɗan Labi Siffre, yaron ya hau nan take, abin da ya zama "My Name Is". The Slim Shady LP ya fito a Fabrairun 1999, kundin Dre mai suna 2001 ya biyo a Nuwamba ya sayar da sama da miliyan 6 a Amurka, na Eminem na gaba ya sayar da fiye da miliyan 1.7 a mako guda a shekarar 2000. Daga nan Aftermath ya fito da 50 Cent a 2003, The Game a 2005, Kendrick Lamar a 2012.

Ga inda lissafin yake, tunda kai ma sana'arka ce. A tsarin Amurka mai haɗa kiɗa yana da ƙofofi uku. Akwai kuɗin aiki da ake ba shi a hannu. Akwai kaso daga cinikin faifan, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Akwai kuma kasonsa a matsayin wanda ya tsara karin, wanda ke shigowa duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko fim ko talla. Mai kamfani yana da ta huɗu wadda ta fi su duka, wato ribar kundin gaba ɗaya, har da waƙoƙin da bai taɓa ba, sannan kamfanin kansa kadara ce da za a iya sayarwa. A 2001 Dre ya sayar wa Interscope wani ɓangare na kasonsa a Aftermath. A nan ya fara cin kuɗin mallaka, ba na gumi kaɗai ba, shekara bakwai kafin a ga hedifon ko ɗaya mai sunansa.

Mallaka kuma tana zuwa da nata ciwon kan. Ga wani misali da zai yi wa masu kallon finafinan Indiya daɗin ji. A 2002 Aftermath ya fitar da "Addictive" ta mawaƙiya Truth Hurts. DJ Quik ne ya haɗa kiɗan, ya ɗebo muryar Lata Mangeshkar daga wata tsohuwar waƙar fim da Bappi Lahiri ya tsara, ba a nemi izini ba. Waƙar ta karɓu, sai ga ƙara daga Indiya. Kamfanin Saregama ya nemi diyyar dala miliyan 500, Bappi Lahiri kuma ya samu umarnin kotu a 2003 cewa kada a ci gaba da sayarwa sai an sa sunansa. Dre bai haɗa kiɗan ba, amma sunansa na cikin takardar ƙara domin kamfaninsa ne. Ba kowa ya ci ribar zama a ɗakinsa ba kuma. Rakim, wanda ake sa wa a sahun gaba na mawaƙan gambara, ya yi kusan shekara uku a Aftermath ya fita a 2003 ba kundi. Shi kansa Dre ya shafe fiye da shekara goma yana alƙawarin wani kundi mai suna Detox, bai taɓa fita ba. Tsananin neman kamala da ya ɗaukaka shi ya binne aikin mutane da dama a cikin kwamfuta.

To, sai Beats, kamfanin hedifon ɗinsa. Ka tuna halin da kasuwar faifai take ciki a lokacin. Napster, wani dandalin intanet na musayar waƙoƙi, ya buɗe ƙofar kwasar waƙa kyauta, Dre na cikin waɗanda suka maka shi a kotu a 2000, amma ruwa ya riga ya ɓalle. Cinikin CD na ta zubewa kowace shekara. Matasa na sauraron waƙa a iPod da ɗan farin iyafis ɗin da ke zuwa a kwalinsa, wanda ba ya fitar da bes ɗin da Dre ke kwana yana gyarawa. Yadda su biyun ke ba da labari, lauyan Dre ne ya kawo masa tayin yin takalma masu sunansa, ya faɗa wa Iovine, Iovine ya ce ina ruwanka da takalmi, abin da aka san ka da shi sauti ne, mu yi lasifika. Suka kafa kamfanin a 2006.

Babu wanda ya iya ƙera hedifon a cikinsu. Kamfanin Monster na Noel Lee, masu yin wayoyin kayan sauti, shi ya ɗauki aikin injiniya da ƙira da rarrabawa. Siffar waje kuma Robert Brunner ne ya zana, tsohon shugaban sashen zane na Apple. Na farko, Beats by Dr. Dre Studio, ya shiga kasuwa a Yulin 2008 a kan kusan dala 350, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ke durƙushewa, kuma a zamanin da saurayi bai saba sayen hedifon da ya wuce dala ashirin ba. Dre ya kawo kunne da suna. Iovine ya kawo abin da babu wani mai ƙera kayan sauti da yake da shi: duk mawaƙan Interscope. Sai ka ga jan harafin b a bidiyon Lady Gaga, a wuyan will.i.am, a kusan duk sabon bidiyon da ya fito daga gidan. Aka ba ɗan ƙwallon kwando LeBron James, ya raba wa 'yan ƙwallon kwandon Amurka, suka sauka a Beijing don gasar Olamfik ta 2008 kowa da shi a kai, kyamarorin duniya na ɗauka. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Barazil FIFA ta hana 'yan wasa sa shi a fili saboda Sony ne mai ɗaukar nauyi, hukumar NFL mai kula da ƙwallon ƙafa irin na Amurka ma ta hana saboda kamfanin Bose, har ta ci tarar ɗan wasa Colin Kaepernick dala 10,000. Kowane hani ya zama talla.

A matsayina na mai aikin sauti, ba zan ba ka shawarar yin miksin da Beats na farko ba. Bes ɗinsa ya yi yawa, yana rufe tsakiyar sauti, zai yaudare ka ka rage abin da bai kamata ba. Sennheiser da Audio-Technica suna da waɗanda suka fi shi faɗin gaskiya a farashi ƙasa da nasa. Amma ba don injiniyoyi aka yi shi ba. An yi shi ne don wanda ke son ya ji ganga na dukan ƙirjinsa a cikin bas, kuma a gan shi da abin a wuya. Zuwa 2012 ya riƙe fiye da rabin kasuwar hedifon masu tsadar dala 100 zuwa sama a Amurka.

Yadda aka juya hannun jarin shi ne ainihin darasin kasuwancin. A Agustan 2011 kamfanin wayoyi na HTC daga Taiwan ya sayi kashi 50.1 a kan kusan dala miliyan 300. A yarjejeniyar Beats da Monster akwai sharaɗin cewa idan iko da kamfanin ya koma wani hannu, Beats na iya raba gari da Monster ya riƙe suna da zane da fasahar duka. Haka kuwa aka yi a 2012. A Yulin wannan shekarar su Dre suka saye rabin kason HTC a kan dala miliyan 150, a 2013 suka saye ragowar a kan miliyan 265, kamfanin zuba jari na Carlyle ya shigo da miliyan 500. Sun kuma sayi wata manhajar sauraron waƙa mai suna MOG, suka mayar da ita Beats Music a Janairun 2014. Ranar 28 ga Mayu 2014 Apple ya sanar da sayen Beats a kan dala biliyan 3, saye mafi girma da ya taɓa yi zuwa lokacin. Bayan shekara guda Apple Music ya fito a kan harsashin Beats Music, da Iovine a cikin masu jan ragama, abin da ya nuna ba hedifon kaɗai aka saya ba.

Kafin sanarwar, wani bidiyo ya fita a Facebook. Ana shagali a situdiyo, ɗan fim Tyrese Gibson na magana, Dre ya leƙo yana kiran kansa biloniyan farko a hip-hop. Ciniki bai ƙulle ba, kuma Apple kamfani ne mai son sirri, sai da hankalin Iovine ya tashi. Maganar ma ba ta tabbata ba a lokacin. Mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu dala miliyan 620 a wannan shekarar kafin haraji, mafi yawa da wani mawaƙi ya taɓa samu a shekara guda zuwa lokacin, amma dukiyarsa ba ta cika biliyan ba, domin masu kaso suna da yawa, ciki har da Carlyle da Universal Music.

Noel Lee kuwa ya riga ya sayar da ɗan kason da yake da shi kafin Apple ya zo. Ya kai ƙara a 2015 yana cewa cinikin HTC dabara ce ta korarsa, a 2016 alƙali ya kori ƙarar, domin abin da aka yi masa yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Wani tsohon abokin tafiyar, Steven Lamar, shi ya yi nasara, a 2018 kotu ta ba shi kusan dala miliyan 25 na kason da aka hana shi. Ka lura da yadda kujera ta juya. Matsayin da Dre ya tsaya a Ruthless, na wanda ya yi aikin amma wani ke da takarda, shi ne Monster ya tsaya a Beats. Ban ce zalunci ba ne, kotu ma ba ta ce ba. Amma duk mai ba ka labarin nan a matsayin na haziƙin da ya yi nasara da basirarsa kaɗai, ya tsallake wannan shafin.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Shi da Iovine sun ba Jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 70 a 2013 aka kafa makarantar da ke haɗa fasaha da zane da kasuwanci, ya ba da miliyan 10 a 2017 don gina zauren wasanni a sakandaren Compton. A Janairun 2021 jijiyar jini ta kumbura masa a ƙwaƙwalwa, ya kwanta asibiti, ya tashi, ya jagoranci wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, a Fabrairun 2022. A 2023 aka ruwaito ya sayar da wani ɓangare na haƙƙoƙin waƙoƙinsa ga Universal da Shamrock a kan sama da dala miliyan 200. A 2024 shi da Snoop suka fito da kamfanin barasa, suka kuma yi sabon kundi tare.

Batun fim kuma, kada a cika maka kunne. Ya fito, amma ba jarumi ba ne. A Set It Off na 1996 ya taka ƙaramar rawa ta mai sayar da bindigogi. A 2001 ya fito a Training Day cikin gurɓatattun 'yan sandan da ke bayan Denzel Washington, fim ɗin da ya ba Denzel kyautar Oscar. Idan ka kalla za ka gan shi a wajen samamen gidan wani dillalin ƙwaya, fuska a murtuke, magana kaɗan, jiki a sandare. A shekarar ce kuma ya yi The Wash, fim ɗin barkwanci da Snoop a kan masu wankin mota, inda ya samu babbar rawa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Daga nan ya janye. Shi da bakinsa ya ce mutum ne mai jin nauyin taro da kyamara. Idan mawaƙin da ya zama ɗan fim na gaske kake nema, abokinsa Ice Cube ne, wanda ya fito a Boyz n the Hood a 1991 ya kuma rubuta Friday na 1995 tare da DJ Pooh. Idan mai haɗa kiɗa ne, RZA na Wu-Tang Clan ya fi shi nisa, ya fito a American Gangster a 2007, ya ba da umarnin The Man with the Iron Fists a 2012.

Inda Dre ya ci kuɗin fim a bayan kyamara ne, a kujerar furodusa. Straight Outta Compton na 2015, labarin N.W.A da F. Gary Gray ya ba da umarni, Corey Hawkins ya fito a matsayin Dre, ya tara sama da dala miliyan 200 a duniya. Amma wanda ya zuba kuɗi a labarin kansa shi ke zaɓen abin da za a nuna. A Janairun 1991 Dre ya lakaɗa wa Dee Barnes, mai gabatar da wani shirin hip-hop a talabijin, duka a wajen wani biki a Los Angeles. Bai musa tuhumar a kotu ba, aka yanke masa tara da aikin al'umma, ƙarar diyya kuma aka sasanta ta a waje. Michel'le, wadda ta haifa masa ɗa, ita ma ta ce ya sha dukanta. Babu ko ɗaya a fim ɗin. Da matan suka yi magana, a Agustan 2015 ya aika wa jaridar New York Times saƙon neman gafarar matan da ya cutar, Apple ma ya fitar da tasa sanarwar yana cewa ya yarda mutumin ya canza. A 2023 masu ba da kyautar Grammy suka ƙirƙiro wata lambar girmamawa suka sa mata sunansa, shi ne kuma ya fara karɓa. Dee Barnes, wadda ta ce tun bayan dukan take fama da ciwon kai kuma ƙofofin aiki suka rufe mata, ta fito fili ta ce ba ta yarda da wannan karramawa ba.